Tatsuniya da Rana Tsaka

Muna yara an hana mu yin tatsuniya da rana. Kakarmu takan ce duk wanda ya yi, to ya shirya ɓatan kai. Sai an ci tuwon dare, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sannan Gizo da Ƙoƙi ke samun izinin fitowa. Wannan magana ce ta faɗo mini a rai wata rana ta hunturu a Dakoro, ina zaune a bayan wani aji na rumfar zana, ina kallon malama tana ba yara kusan saba'in labari, rana na bisa kai. Littafi ɗaya ne tak a hannunta, sabo ful, mai hotuna.

Ba ta yi saurin buɗe shi ba. Ta ɗaga bangon sama, ta juya shi dama, ta juya shi hagu, a hankali, yadda mai talla ke zagayawa da faranti don kowa ya ga abin da ke ciki.

"Yara, me kuka gani?"

"Madam, yarinya da akuya!"

Sai wani ɗan siririn yaro, ɗan makiyayi, daga gefe, wanda tun safe ban ji muryarsa ba, ya ɗaga yatsa. "Madam, ba akuya ba ce. Tunkiya ce. Ga jelarta ta sauka ƙasa."

Ta kawo littafin kusa da fuskarta, ta duba da gaske, ta ce, "Lalle ka fi ni gani. Yara, ku duba jelar." Kawuna saba'in suka miƙo gaba. Ba a karanta ko baƙi ɗaya ba tukuna, amma ajin ya riga ya shiga cikin littafin, kuma ɗan makiyayi ne ya buɗe musu ƙofa.

Wanda bai taɓa gwadawa ba yakan ɗauka karanta wa yara littafi abu ne mai sauƙi: ka iya karatu, ka ɗaga murya, shi ke nan. Ba haka ba ne. Sana'a ce, kuma rabinta a gida ake yi, tun daren jiya. Gwanar malama ba ta kai wa yara littafin da ba ta ɗanɗana ba, kamar yadda mai girki ba ta zuba miya a kwano sai ta lasa. Takan karanta shi a bayyane ita kaɗai, sau biyu ko uku, don ta ji inda harshe ke tuntuɓe. Takan sa ƴar alama da fensir a wurare uku ko huɗu da za ta tsaya, ba su wuce haka ba, don yawan tsayawa na kashe labari. Takan zaɓi kalmomi biyu ko uku da ta san baƙi ne ga yaran, ta shirya yadda za ta fayyace su cikin numfashi ɗaya, da hannu ko da fuska, ba tare da ta ajiye littafin ta koma tabulo ba.

Sai zama. Ƙanana a gaba, dogaye a baya, an lanƙwasa sahun kamar jinjirin wata. Ita kuma ta tsaya inda hasken ƙofa zai sauka a kan shafi, domin in hasken ya biyo ta bayanta, yara inuwa kawai za su gani. Littafin yana riƙe daidai kafaɗarta, fuskarsa na kallon yara, ita tana leƙen rubutun ta gefen ido. Wannan riƙon kaɗai sai an yi kwanaki ana gwada shi kafin hannu ya saba.

Abin da ya fi burge ni shi ne muryarta. Malamanmu da yawa sun saba da ɗaga murya, don aji mai yara saba'in ba ya jin rarrashi. Ita kuwa da tunkiyar ta ɓace a kasuwa, yarinyar ta tsaya ita kaɗai tsakanin ƙafafun raƙuma, sai ta sassauta murya har ta kusa zama raɗa. Nan take ajin ya yi tsit, har ana jin iska na kaɗa zana. Ta sa yatsa a bakin shafin, ta ɗaga shi kaɗan, ta tsaya. Ba ta juya ba. Ta bar su da zullumi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Da ke ce, ina za ki fara nema?" Wata ta ce wajen masu dusa. Wani ya ce bakin rijiya. Wani ya ce a tafi wurin sarkin kasuwa a sa a yi shela. Kowace amsa daga rayuwar Dakoro ta fito, kuma kowace amsa tunani ce, ba hadda ba.

Akwai tambayar da ban ji ta yi ba ko sau ɗaya: "Kun gane?" Amsarta a bakin yara guda ce a duk faɗin ƙasar nan, "E, Madam," ko an gane ko ba a gane ba. Tambayoyinta na "me ya sa" ne, da "ta yaya ka sani", da "me kuke jin zai faru". In yaro ya amsa da kalma ɗaya, sai ta maimaita ta, ta ƙara mata nama: "Tsoro. E, tsoro ya kama ta, don ba ta taɓa zuwa kasuwa ita kaɗai ba." A 1988 wani masanin halayyar yara a Amurka, Grover Whitehurst, da abokan aikinsa sun koya wa wasu iyaye irin wannan karatu na ba-ni-in-ba-ka, inda babba ke tambaya yaro ke ba da labari. Cikin wata guda aka ga ƴaƴansu sun zarce sauran wajen iya furta kalmomi. Kakanninmu ba su rubuta nasu binciken ba, amma sun san tatsuniya ba ta tafiya sai an amsa "ta zo mu ji ta", sai an kama amshin waƙar da ke tsakiyarta. Sabon abin a nan shi ne hoto, wanda ke ba yaro damar karantawa tun bai san baƙi ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yanki irin namu. Daga Kornaka zuwa Birnin Lalle, har kwarin Tarka inda gona ke ƙarewa makiyaya ta fara, aji ɗaya na iya haɗa ɗan manomi Bahaushe da ɗan Bafulatani da ɗan Buzu. Kowanne ya zo da harshen uwarsa, ya tarar da Faransanci na jiran sa a CI, ajin farko na firamare. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A gwajin PASEC na 2014, cikin ɗaliban Nijar da ke ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Alhali tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Doka na da muhimmanci, amma a cikin aji malami ne ke gina gada tsakanin harsunan nan, kuma hoto na cikin ginshiƙansa mafi ƙarfi. Tunkiya tunkiya ce a idon kowa. Idan littafin na Faransanci ne, gwani yakan karanta jimlar yadda take, ya nuna hoton, ya bar yara su faɗi abin da Hausa, ya kuma juya ga ɗan Fulani ya ce, "Ku kuma yaya kuke ce mata?" Yaron da jiya yake jin harshensa kaya ne da ake ajiyewa a ƙofar lakwal, yau shi ke koya wa aji.

Ina ake samun littattafan? A Yamai maɗaba'u irin su Gashingo da Albasa sun buga littattafai cikin harsunan ƙasa. Sannan intanet ta buɗe wata rijiya. African Storybook, wanda ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta ƙaddamar a 2014, da StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya, wanda ya fara a 2015, suna ba da littattafan hoto kyauta, har da na Hausa, tare da izinin saukewa da fassarawa da bugawa. Malamin da ya sami ɗaya a wayarsa yana iya tura wa abokan aikinsa ta WhatsApp. Sai dai fuskar waya ba ta isar yara saba'in, don haka sai an buga a takarda, ko kuma a sami mai hannun zane ya kwafe shi da manyan hotuna a kan kwali.

Amma sabo ba shi ne mai kyau ba, kuma a nan ma ake gane gwani. Yakan tsaya a ƙarshen aji ya sa a ɗaga masa littafin. In bai ga fuskar yarinyar daga can ba, littafin ba na karatun taro ba ne. Yakan nemi labarin da ke da matsala ta gaske da mafita, ba wa'azin da aka yi wa ado da launi ba. In an rubuta shi da Hausar Kano, yakan sauya naira da dala, biro da bik, yana cikin karantawa ba tare da kowa ya ji tangarɗa ba. Wata malamar jami'a a Amurka, Rudine Sims Bishop, ta bayyana a 1990 cewa yara na buƙatar littafin da zai zame musu madubi da wanda zai zame musu taga. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ɗan Dakoro ya cancanci ya ga rumbun gero da guga da raƙumi a cikin littafi, don ya san rayuwarsa ta isa a buga ta. Ya kuma cancanci ya ga teku, wanda bai taɓa gani ba.

Ba na cewa wannan karatu zai maye gurbin koyon baƙi da wasali. Dole a zauna a haɗa ba da bi da bu, kowace rana. Roƙona ɗaya ne ga masu duba makarantu: kada a mai da lokacin karatun labarin nan jarabawa, kada a biyo shi da bulala ko maki.

Can a ajin Dakoro kuwa, da aka gano tunkiyar a rumfar mai dusa, yarinyar da ta yi wannan hasashe ta rufe baki da mayafi don murna. Malama ta rufe littafin ta ce, "Ƙurungus." Ajin ya ɗauka gaba ɗaya, "Madam, a sake!" Ta yi musu alkawarin gobe, ta ce goben su ne za su ba ta labarin, ita juya shafi kawai za ta yi. Tana cikin naɗe littafin a leda saboda ƙura da gara, sai ɗan makiyayin nan ya matso kusa da ita.

"Madam, wanda ya zana tunkiyar, shi ma yana kiwo?"

Ta sake fiddo littafin, ta sa yatsansa a kan sunan mai zanen, suka fara haɗa baƙaƙen tare.