Shugaban Mutum Biyar

A shekarar 1982 kamfanin General Motors ya garƙame masana'antarsa ta haɗa motoci da ke Fremont, a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma ba a samu masu mamaki da yawa ba, domin wurin ya riga ya yi ƙaurin suna. Kowace safiya kusan mutum 20 cikin 100 ba sa zuwa aiki, ranar Litinin kuwa abin ya fi haka muni. Ana shan giya a bakin aiki, ana caca. Dubban ƙorafe-ƙorafen ma'aikata sun taru ba a warware ba. Wanda mai kula da shi ya ɓata masa rai sai ya jefa kwalbar lemo cikin ƙofar mota kafin a rufe ta, mai saye ya je ya yi ta fama da ƙarar da ba wanda ya san inda take fitowa. Mutane da yawa a kamfanin sun riga sun yanke hukunci cewa ma'aikatan Fremont ba su da gyara.

Bayan shekara 2 aka sake buɗe wurin, a wannan karon da haɗin gwiwar General Motors da Toyota, aka sa masa suna NUMMI, aka bar wa Toyota tsara yadda za a gudanar da aiki. Kimanin kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka ɗauka da farko tsofaffin ma'aikatan nan ne, tare da ƙungiyar ƙwadagonsu da shugabanninta da suka saba jan daga. Mota ta farko, Chevrolet Nova, ta fito a Disamban 1984. Kafin a je ko'ina ingancin motocin Fremont ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors, har ya kusa kamo na Japan, fashin aiki kuma ya sauko ƙasa da kashi 5 cikin 100.

Ginin shi ne na jiya, injinan ma ba wasu na a zo a gani ba. An yi rubuce-rubuce da yawa kan dabarun da Toyota ta shigo da su, amma ni abin da ya fi burge ni a labarin shi ne wani ƙaramin muƙami wanda a yawancin ma'aikatu ko kallo bai ishi kowa ba: mutumin da ke tsaye dab da ma'aikaci, wanda aka danƙa wa mutum biyar ko shida. Shugaban rukuni ake ce masa. Ba shi da ofis, ba ya sa kwat, ɗan ƙungiyar ƙwadago ne kamar sauran, kuma abin da aka ƙara masa a kan albashinsu bai taka kara ya karya ba. Amma gwanintar da ake nema wurinsa, manyan manajoji da yawa ba su da ita.

A saman layin haɗa motoci akwai wata igiya rataye tun daga farko har ƙarshe, kowa yana iya miƙa hannu ya kai gare ta. Mota tana wucewa ta gaban ma'aikaci cikin kimanin minti 1, a cikinsa zai gama nasa ɓangaren. In noti ya ƙi ɗauruwa, ko ya ga ƙwarzane a fenti, ko ya lura lokaci zai ƙure masa, sai ya ja igiya. Fitila ta kama a allon da ke sama, wani ɗan kiɗa ya tashi. Layin ba ya tsayawa nan take, sai motar ta kai wata alama da aka shata a ƙasa. Cikin waɗannan 'yan daƙiƙu shugaban rukuni zai iso, ya gane matsalar, ya sa hannu. In sun gyara sai ya sake jan igiyar, layi ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. In abin ya fi ƙarfin nan take, layin ya tsaya, kowa ya jira.

A tsohuwar Fremont tsayar da layi babban laifi ne. Ko an ɗaura abu a karkace haka motar za ta wuce, a tara ta a fili, wasu su zo daga baya su kwance su gyara. Mutumin da ya shekara 20 a cikin wannan tarbiyya ya koyi abu guda: in ka yi kuskure, rufe ka yi shiru. Saboda haka rataya igiya shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Mai wuyar shi ne a sa babban mutum mai iyali ya ɗaga hannu a gaban abokan aikinsa yana nuna cewa ya kasa. Wannan kuwa ya dogara ne kacokan ga fuskar da shugaban rukuni ya zo da ita. In ya iso da tsawa, ko da harara kawai, an gama. Gobe ba wanda zai sake taɓa igiyar, ɓarna ta koma ɓoye. Wanda ya iya aikin yana zuwa ne da tambaya a kan notin, ba a kan mutumin ba. Me ya hana shi ɗauruwa? Zarensa ya lalace. Me ya lalata shi? Ana shigar da shi a karkace. Me ya sa? Ma'aikacin yana miƙa hannu ne daga nesa domin akwatin notin yana bayansa. To, a matso da akwatin. Haka ake bin sawun matsala har gidanta, kuma mutumin da ya ja igiya yana cikin masu neman amsar, sau da yawa ma shi ke kawo ta.

Kafin mutum ya iya wannan dole ya san aikin duk mutanensa biyar da hannunsa, ya iya shiga gurbin kowanne in ya fita kama ruwa ko bai zo ba. Shugaban da bai taɓa riƙe sifana ba, ba zai gane cikin daƙiƙa 20 me ke faruwa ba.

Tunanin tsayawa da zarar an ga aibi ya girmi motocin Toyota. Sakichi Toyoda, mahaifin wanda ya kafa kamfanin, injin saƙa ya ƙera, wanda ke tsayawa da kansa in zare ɗaya ya tsinke, don kada a saƙa yadi mai yawa da lahani. Taiichi Ohno, wanda ya fara aiki a masaƙar Toyoda a 1932 ya koma ɓangaren motoci a 1943, shi ya faɗaɗa abin har ya kai ga hannun ma'aikaci.

Sai dai rabin gwanintar shugaban rukuni koyarwa ce, kuma wannan rabin daga Amurka Japanawa suka ɗauko shi. A 1940, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Amurka ta kafa wani shiri mai suna Training Within Industry ƙarƙashin Channing Dooley da Walter Dietz. Masana'antu suna buƙatar ninka abin da suke ƙerawa, ƙwararru za su tafi fagen fama, waɗanda za su maye gurbinsu kuwa manoma ne da matan gida da samari waɗanda ba su taɓa shiga masana'anta ba. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko shi ne na masu goge gilasan na'urorin hange na soja, sana'ar da aka ce sai an shekara 5 ake ƙwarewa a kanta. Da aka zauna aka rarraba aikin gida-gida, aka tsara yadda za a koyar da kowane gida, sai lokacin ya dawo 'yan watanni. Kafin a rufe shirin a 1945 an horar da masu kula da ma'aikata sama da miliyan 1 da rabi a masana'antu fiye da 16,000.

Yadda ake buɗe darasin farko yana da daɗin ji. Mutum 10 ne a aji, zama 5, kowane zama awa 2. Malamin zai ɗauko wayar lantarki mai harshe biyu, ya kira mutum ɗaya, ya bayyana masa da baki yadda ake wani ƙulli da masu aikin lantarki ke yi don kada waya ta zame daga mazauninta. Bayani cikakke, ba kuskure a ciki. Ya miƙa masa waya, mutumin ya kasa. Sai ya kira wani, ya tsaya a gabansa ya ƙulla yana kallo, ba tare da ya ce uffan ba. Shi ma ya kasa, ko ya ƙulla a juye, domin daga gaba ya kalla, hannun daman malam ya zame masa hagu. A nan kowa a ajin yake gane kansa, domin dukansu da ɗayan hanyoyin nan biyu suke koyar da sababbin ma'aikata, in yaro ya kasa su ce ba shi da kai.

Daga nan sai malamin ya nuna hanya ta uku. Ya fara kwantar wa mai koyo hankali, ya tambaye shi abin da ya riga ya sani, ya gaya masa amfanin ƙullin, ya tsayar da shi a gefensa yadda zai ga hannu kamar nasa. Ya yi aikin a hankali yana faɗin matakai ɗaya bayan ɗaya. Ya sake yi, yana nuna wuraren da asirin yake: inda yatsa ke dannewa, tsawon da ake bari, abin da in an kuskure zai ɓata aiki ko ya ji wa mutum ciwo. Sannan ya miƙa waya. Mai koyo ya yi, ana gyara masa tun kuskure bai zauna a hannunsa ba. Ya sake yi yana faɗin matakan da bakinsa. Ya sake yi yana faɗin asiran. Ba a rabuwa da shi sai malam ya tabbata ya iya. Bayan an bar shi shi kaɗai, a gaya masa wanda zai nema in ya maƙale, a riƙa leƙo shi a kai a kai, a rage leƙen sannu a hankali. Duk wannan an rubuta shi a ɗan katin da ke shiga aljihun riga, kuma ƙa'idar da ke ƙasan katin ta ɗora nauyin a kan malami: in ma'aikaci bai koya ba, mai koyarwa ne bai koyar ba.

Wurin da ya fi wahala a nan shi ne gano asiran. Gwani ba ya sanin abin da ya sani. Hannunsa ya daɗe yana yi har ya manta cewa akwai ranar da shi ma bai iya ba. Kafin ya koyar dole ya zauna da takarda, ya yi aikin a hankali yana tambayar kansa me ya sa ya karkata wuyan hannu a nan, me ya sa ya saurara a can. Duk wanda ya san garejin kanikanci a garuruwanmu ya san yaron da ke shekara uku yana wanke noti da miƙo sifana, yana satar sana'a da ido, domin maigidan nasa, duk da ƙwarewarsa, bai taɓa zama ya warware abin da ke cikin hannunsa ya mai da shi magana ba. Ba rowa ce ke kawo haka kullum ba. Warwarewar ita kanta sana'a ce ta daban da ake koyo.

Shirin yana da wani kati na biyu kan zama da mutane. Ka riƙa sanar da kowa yadda aikinsa ke tafiya. Ka yaba a lokacin da yabo ya dace, kada ka bari ya huce. In za a yi canjin da zai shafi mutum, ka gaya masa tun da wuri, tare da dalili. In rigima ta taso, ka tattara gaskiyar magana, har da yadda mutumin yake ji, kafin ka yanke hukunci, bayan ka yanke kuma ka dawo ka duba ko ya yi amfani. Da yaƙi ya ƙare Amurkawa suka yi watsi da yawancin wannan. Aka kai shi Japan a zamanin mamayar Amurka, Toyota ta rungume shi a farkon shekarun 1950, ta ƙara masa faɗin dalilin kowane asiri, ta riƙe shi gam. Abin da aka koya wa mutanen Fremont a 1984, wani ɓangarensa kayan gidansu ne ya dawo.

Yadda aka koya musu ma abin lura ne. An kwashi kimanin mutum 450, akasarinsu shugabannin rukuni da na sama da su kaɗan, aka kai su masana'antar Toyota ta Takaoka, rukuni-rukuni, kowa ya yi makonni yana aiki a kan layi kafaɗa da kafaɗa da takwaransa Bajapane. Gani ya kori ji. Mutumin da a da ake zaginsa in ya yi jinkiri ya ga an rugo an taimake shi, sannan an tambaye shi ra'ayinsa kan yadda za a sauƙaƙa aikin. Wasu daga cikinsu sun ba da labarin yadda aka rabu da hawaye.

Duk da haka, shugaban mutum biyar ba zai iya shi kaɗai ba, dole na sama su tsaya masa. Wa zai kawo shawarar da za ta rage aikin mutum shida ya koma na biyar, in ya san na shidan kora za a yi masa? A yarjejeniyarta da ƙungiyar ƙwadago, NUMMI ta yi alkawarin ba za ta sallami ma'aikata ba sai in rayuwar kamfanin ce ke cikin haɗari, kuma kafin haka sai an fara rage albashin manya. A 1988 kasuwa ta faɗi, aikin masana'antar ya sauko zuwa kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfinta. Ba a kori kowa ba. Waɗanda ba su da gurbi a layi aka tura su horo da ayyukan gyara tsari. Ma'aikata sun ga an cika alkawari a ranar da cika shi ke da tsada, kuma daga nan maganar shugaban rukuni ta ƙara nauyi a kunnensu.

General Motors ta yi ƙoƙarin kwafar abin. An turo manajoji suka zagaya, suka ɗauki hotuna, suka koma suka rataya igiyoyi a wasu masana'antun. A Van Nuys, a jihar Kalifoniyar dai, an gwada tsarin rukuni, amma ma'aikata ba su amince ba za a yi amfani da shi a rage su ba, masu kula da su kuma har lokacin yawan motocin da suka fita ake auna su da shi, don haka ba sa son a taɓa igiya. An rufe wurin a 1992. Sai da kamfanin ya ɗauki shekaru da dama, waɗanda suka yi zama a Fremont suka hau manyan kujeru, kafin darasin ya fara ratsa shi. NUMMI kuwa ta ƙera motoci kusan miliyan 8 kafin General Motors ta janye a 2009 sakamakon karayar arzikinta, aka rufe masana'antar a Afrilun 2010, kamfanin Tesla ya sayi ginin a wannan shekarar.