Gwanintar Kiran Ɗan Bindiga Ya Dawo Gida

Idan ana zancen yaƙi da Boko Haram a Yamai, hankali yakan tafi kan jiragen sama da motocin sulke. Amma akwai masu wani aiki da ba su cika shiga hoto ba: hafsoshi, malamai, ma'aikatan rediyo da jami'an hukumar wanzar da zaman lafiya ta HACP. Burinsu shi ne yaron da ke riƙe da bindiga a tsibiran Tafkin Chadi ya fara kokwanton abin da ya kai shi can, har wata rana ya sulale ya fito da ƙafarsa. A ganina, cikin dukan rassan farfagandar yaƙi babu wanda ya kai wannan wuya, domin shi kaɗai ne ake auna nasararsa da yawan waɗanda suka rayu.

A watan Fabrairun 2015 ƙungiyar ta afka wa garuruwan Boso da Difa. Zuwa ƙarshen Disambar 2016, Mohamed Bazoum, ministan cikin gida na Nijar a lokacin, ya je Difa ya sanar cewa wasu mayaƙa sun miƙa kansu, kuma gwamnati za ta karɓi masu biyo bayansu. Sanarwa abu ne mai sauƙi. Gwaninta tana wajen kai ta kunnen wanda aka yi dominsa, a kuma sa ya gaskata.

Gwanin wannan aiki yakan fara da sanin tsoron mutumin da yake kira. Yaron daji ya ga yadda kwamandansa ke yi wa wanda aka kama yana shirin gudu. An kuma cusa masa cewa duk wanda ya faɗa hannun soja, kabari ne makomarsa. Saboda haka barazana ba ta ƙara masa komai sai tabbatar da maganar kwamandan. Abin da yake son ji ƙanana ne ƙwarai: wace hanya zai bi, wa zai samu idan ya haye kogin Komadugu, yaya zai tunkari shingen soja ba a harbe shi ba, me za a yi da matarsa da ɗan da aka haifa a daji. Saƙon da bai amsa waɗannan ba, ko an yi ta maimaita shi, iska yake bi.

Sai kuma bakin da zai faɗa. Tsakanin Yamai da Difa akwai fiye da kilomita 1,300, kuma takardar da aka tsara da Faransanci a ofishin minista ba ta da nauyi a wurin ɗan masunci da ya tashi da Barbarci. Da ɗan gari akan ci gari. Dole maganar ta bi ta bulama, ta limamin da ya koya masa alwala, ta kawun da ke da lambar wayarsa. Wanda ya fi kowa tasiri shi ne abokinsa da suka kwana rami ɗaya, wanda kwamanda ya ce an kashe, sai ga muryarsa yana cewa lafiyarsa lau. A arewacin Yuganda haka gidan rediyon Mega FM na Gulu ya riƙa sa tsofaffin mayaƙan ƙungiyar tawaye ta LRA suna kiran 'yan'uwansu da suna. A Kolombiya, a 2013, sojoji sun karɓi hotunan yarinta na 'yan tawayen FARC daga hannun iyayensu mata suka rataye su a daji. Dabarar ta burge ni: baƙo ba zai gane hoton ba, kwamanda ma haka, sai mai shi.

Inda wannan sana'a ta rabu da farfagandar cika baki shi ne ba ta jure ƙarya. Ana iya ƙara wa mutanen birni yawan abokan gaban da aka kashe, su yi tafi. Na daji kuwa yana bincike, domin wuyansa ne a kai. Shi ya sa cibiyar Gudumariya, inda ake koya wa tubabbu sana'a, ita ma ɓangaren saƙon ce. Kuma shi ya sa jinkirin da aka samu ya yi ciwo: sai a Disambar 2019 aka sallami rukunin farko, kusan shekara uku bayan sanarwar, kuma kowane watan jira hujja ce a bakin kwamanda.

Akwai masu sauraro na biyu, waɗanda shawo kansu ya fi wuya: matar da aka kashe mata miji, da manomin tattasai da dokar ta-ɓaci ta karya wa jari. Su ne za su zauna unguwa ɗaya da tubabben, suna ganin an koya masa sana'a su ba a ba su komai ba. Mai hikima ba ya gaya musu su manta. Yakan tara su da sarakuna da malamai, tubabbe ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, a bar mai ƙorafi ya amayar da abin da ke cikinsa. Nijar ba baƙuwar irin wannan zama ba ce: a Yamai aka sa hannu kan yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995 da 'yan tawayen Abzinawa, kuma daga cikin waɗanda suka ajiye bindiga a lokacin, Rhissa Ag Boula har minista ya zama.