Jagora Mai Masu Karatu Biyu: Nazarin Takardun Bayanin Manhajojin Sauko da Maƙalu

Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP a watan Nuwamban 2024, wanda ya sauƙaƙa wa ƙirƙirarriyar basira hanyar sarrafa wasu manhajoji da kanta, ƙananan kayan aiki suka yawaita a GitHub, duk da alkawari iri ɗaya: ka gaya wa wakilin na'ura abin da kake nema, ya shiga rumbun arXiv ko PubMed Central ya sauko maka da maƙalar. Kowannensu yana zuwa da takardar bayani, wadda masu shirya manhaja ke kira README. Takardar nan ta zama nau'in rubutu mai zaman kansa, kuma ta isa a auna ta.

Fasalinta ba ya cika sauyawa. Za a fara da kirarin abin da manhajar ta iya, a jero rumbunan da take shiga, a ba da umarnin ɗora ta a kwamfuta, a rufe da misali guda wanda komai ya tafi daidai a cikinsa. A sashen ɗorawa marubutan sun ƙware, ba ni da ta cewa.

Inda nake da magana shi ne wanda ake rubuta wa. A tsarin MCP, kowane kayan aiki yana da suna, da gajeren bayani, da jerin abubuwan da za a ba shi. Wannan gajeren bayanin wakilin na'ura ne ke karanta shi, da shi yake yanke shawarar lokacin da zai kira kayan da yadda zai fahimci abin da ya dawo. Ke nan jagorar tana da masu karatu biyu. Mutum in ya ga giɓi zai tsaya ya tambaya. Wakilin kuwa kamar ɗan aike ne mai kunyar dawowa hannu rabbana: in bai sami abin da aka aike shi ba, yana iya kawo mai kama da shi.

Shi ya sa shirun da jagororin ke yi a kan gazawa ya fi komai damuna. Me manhajar ke dawowa da shi idan maƙalar tana bayan shingen biyan kuɗi? Yakan faru a sauko da shafin neman kalmar sirri, a adana shi da sunan PDF. Yakan faru tsakure kaɗai aka samu. In bayanin bai koya wa wakilin bambance waɗannan da cikakkiyar maƙala ba, zai iya rubuta wa ɗalibi taƙaitawar aikin da bai karanta ba, da cikakken ƙarfin gwiwa. Layi biyu sun isa su toshe wannan ɓarakar, amma ba kasafai ake rubuta su ba.

Sai batun wace maƙala aka sauko da ita. Rumbun arXiv, wanda Paul Ginsparg ya kafa a 1991 kuma ya koma Jami'ar Cornell a 2001, yana karɓar ayyukan da ba lallai sun bi ta hannun masu tantancewa na mujalla ba. Maƙala guda takan sami bugu na ɗaya, na biyu, na uku, wani lokaci sakamakon ya canza a tsakani, wani lokaci marubucin ya janye ta. Jagora ta gari za ta faɗi wane bugu ake ɗaukowa. Za ta kuma faɗi ko ana duba janyewa, tunda a 2023 Crossref, ƙungiyar da ke rajistar bayanan maƙalu, ta karɓi rumbun bayanan Retraction Watch na maƙalun da aka janye ta buɗe shi ga kowa kyauta.

Akwai kuma ladabin shiga rumbu. Ƙa'idar arXiv ita ce kada manhaja ta aika buƙata fiye da ɗaya cikin daƙiƙa uku. Crossref tana so mai nema ya haɗa da adireshin imel don a san wanda za a tuntuɓa. Wakilin da aka ce ya tattaro duk abin da aka rubuta kan wani fanni ba ya gajiya, ba zai rage gudu ba sai an sa masa linzami. Hukuncin kuma ba kan mutum ɗaya yake faɗawa ba. A 2010, lokacin da Aaron Swartz ke kwaso miliyoyin maƙalu daga rumbun JSTOR ta layin jami'ar MIT, JSTOR ta toshe jami'ar baki ɗaya na wasu kwanaki.

Tushen maƙalar ma ana lulluɓe shi. Manhajar Unpaywall kofi na halal take nemowa, wanda marubuci ko mujalla suka saki kyauta. Sci-Hub, wadda Alexandra Elbakyan ta kafa a 2011, tsallake shingen take yi, kuma a 2017 wata kotu a New York ta umarce ta da ta biya kamfanin buga mujallu na Elsevier diyyar dala miliyan 15. Akwai kayan da ke jera su biyun a layi ɗaya, da ɗan gargaɗi a can ƙasa. Na san abin da ke kai malamin da ɗakin karatun jami'arsa ba ya iya biyan kuɗin mujallu zuwa Sci-Hub, ba kuma na raina uzurinsa. Amma shawarar tasa ce, bai kamata na'ura ta yanke masa ita a ɓoye ba. Ya wajaba jagora ta bayyana cewa wannan ƙofar a rufe take sai mai amfani ya buɗe da hannunsa, kuma kowane fayil ya zo da sunan rumbun da aka ɗauko shi.