In Jarumin Wani Gida Ya Gamu Da Na Wani Gida

A ƙasar Amurka akwai wasu littattafai da ake ba da labari cikinsu da zane. Kowane shafi an raba shi gida-gida. Cikin kowane gida akwai hoto, maganar mutum kuma tana rubuce bisa kansa. Ko wanda bai daɗe da fara karatu ba yana iya bin labarin, don hoto yana taimakon baƙi.

Kamfani biyu ne manya cikin wannan sana'a, DC da Marvel. Kowane da jarumansa. DC ke da Superman, wanda ya fito a 1938. Yana tashi sama, harsashi ba ya huda shi. Shi ke da Batman na 1939, attajiri wanda aka kashe uwayensa gabansa yana yaro, ya girma yana farautar miyagu da dare. Marvel kuwa ke da Spider-Man na 1962, saurayi talaka da gizo-gizo ya ciza, ya sami ikon hawan bango. Shi ke da Hulk, wani koren ƙato da ƙarfinsa ke ƙaruwa in ya husata.

Waɗannan jarumai dukiya ne, kamar garke mai shaida. Samari biyu da suka ƙago Superman, Jerry Siegel da Joe Shuster, sun sayar da shi kan dala 130, dalar Amurka ba tamu ta kasuwa ba. Tun daga ranar ya zama na kamfani. Gizo na tatsuniya ba shi da mai shi. Kowace tsohuwa tana iya haɗa shi da Kura ko da Zaki yadda ta so. Amma kafin Superman ya gaisa da Spider-Man, sai lauyoyi sun zauna, an sa hannu ga takarda.

Aka yi zaman, a 1976 littafin ya fito. Gerry Conway ya rubuta, Ross Andru ya zana. To, ga matsala. Superman yana iya ɗaga jirgin ruwa. Yaya yaro mai hawan bango zai tsaya gabansa? Sai marubuci ya sa mugun labarin, Lex Luthor, ya haska wa Spider-Man wani haske a ɓoye, ƙarfinsa ya ƙaru na ɗan lokaci. Suka dambata. Da haske ya ƙare, ya ci gaba da naushi, hannuwansa ne suka ji jiki. Daga nan suka gane an haɗa su ne, suka shirya, suka kama miyagun.

Zanen yana da kyau, ba musu. Amma faɗan na dole ne, kowa ya gani. Kuma wannan hanya ita aka yi ta bi bayan haka: a gamu, a yi rashin fahimta, a yi faɗa, a raba ba kaye, a shirya. A 1981 an haɗa Batman da Hulk. Batman mutum ne kamar kowa, sai aka ba shi hayaƙin sa barci. Hulk ya riƙe numfashi, Batman ya shure shi a ciki, ya shaƙa, ya faɗi. Ku duba dai, ƙaton da ke rusa dutse! Dalili a fili yake. Ba kamfanin da ke yarda a kai bayan ɗansa ƙasa cikin littafin da maƙwabci ke cin rabin kuɗinsa. Wa zai biya kuɗin shiga filin kokowa, in ya san iyayen gidan ƴan kokowar sun gama magana tun daren jiya?

A 1996 suka ce to, bari masu saye su yanke hukunci. An shirya karo 11, guda 5 daga ciki aka bar wa ƙuri'a. Abin ya ƙara lalacewa. Ƙuri'a farin jini take aunawa, ba ƙarfi ba. Wolverine na Marvel, mai farata na ƙarfe, ya ci Lobo na DC, wanda ya sha yin kunnen doki da Superman. Da yake ba a san yadda za a zana wannan ba, sai aka sa su biyun suka faɗa bayan teburin mashaya. Ba a ga kome ba. Can sai Wolverine ya miƙe shi kaɗai. Wanda ya ba da kuɗinsa don ya ga faɗa, tebur ya gani.

Superman ya taɓa shan kashi na gaskiya, a littafin 1978 da aka haɗa shi da Muhammad Ali. An kai su wata duniya mai jar rana, inda Superman ba shi da ƙarfi fiye da na mutum. Ali ya yi masa lilis, aka fitar da shi a kwance. Wannan littafi na DC ne shi kaɗai, ba maƙwabcin da za a ji kunyarsa.

Wanda ya fi duka a ganina shi ne na 1994, wanda mutane suka ɗauka wasa ne. Punisher na Marvel tsohon soja ne. An harbe matarsa da ƴaƴansa, ya rantse sai ya ga bayan miyagu da bindiga. Archie kuwa na wani kamfani ne dabam, ɗan makaranta mai jan gashi, wanda babbar damuwarsa ita ce wace zai zaɓa cikin ƴan mata biyu. Marubuci Batton Lash ya sa Punisher ya biyo sawun wani mai fataucin ƙwaya wanda ya yi kama da Archie kamar an tsaga kara. Masu zane biyu aka sa. John Buscema ya zana sojan da duhunsa, Stan Goldberg ya zana yaran da fara'arsu, duk cikin shafi guda. Ba wanda ya tambayi wa zai ka da wani. Abin kallo shi ne mutumin da ya saba da jini ya shigo garin da ake zaman lafiya, ya ga irin rayuwar da ta kuɓuce masa. Nan ne haɗin ya nuna mana abin da ba mu sani ba game da shi.

Manyan biyu sun ci gaba da ja-in-ja. Littafin da George Pérez ya fara zanawa a 1983, na haɗa rundunoninsu, rigimar shugabanni ta tsayar da shi, bai fito ba sai 2003. A 2025 sun haɗa Batman da Deadpool.

Da ni aka ba alƙalami, ga abin da zan yi. Marvel yana da Daredevil, makaho ne, da rana lauyan talakawa ne a birnin Niyok. Cikin kowane littafi Superman yana faɗa, gidaje suna rushewa, ba a faɗa mana na wa ne ba. To, a ce ɗaya na wata gwauruwa ne mai sayar da abinci. Ta kai ƙara, makaho ya tsaya mata. Ga mai gani har bayan bango zaune gaban alƙali, wanda ba ya gani yana tambayarsa: ka duba ƙasa kafin ka jefa motar? Superman ba ya ƙarya, dole ya amsa. Ƙarfinsa duka ba shi da amfani cikin wannan ɗaki.

Na biyu, Storm ta Marvel, mace mai sarrafa hadari. A labarinta na 1975 an same ta a Kenya tana saukar wa manoma ruwa lokacin fari. DC kuma yana da Aquaman, sarkin teku. Hadari daga teku yake tasowa, kuma wanda aka jawo wa wannan gari, wancan gari aka hana. Sai in sa mutanen wancan gari su kai kuka gun sarkin teku, shi kuma ya tako har tudu, ya same ta tsakiyar gona, gero ya fara yin kai, masu gonar suna kewaye da ita suna roƙon ruwa ɗaya na ƙarshe.