Iyakar Aikin Mai Haɗa Sauti da Ta Mai Tacewar Ƙarshe

Kowace waƙa da aka ɗauka a situdiyo tana bi ta matakai biyu kafin ta isa kunnen jama'a. Na farko shi ne haɗin sauti, wanda masu sana'ar ke kira miksin, inda ake zama da muryar mawaƙi da ta 'yan amshi da ta kowane kayan kiɗa a layinsa daban, a daidaita ƙarfinsu, a ba kowanne gurbinsa ta dama ko ta hagu, a rage wanda ke danne ɗan'uwansa. Na biyu shi ne tacewar ƙarshe, wato mastarin, wadda ke karɓar waƙar bayan ta dunƙule wuri guda, ta duba nauyinta da kaifinta, ta daidaita ƙararta da ta sauran waƙoƙin kundin, sannan ta shirya ta domin rediyo ko faifai ko intanet.

Wannan rabon aiki lalura ce ta haifar da shi. Tun da ɗaukar waƙa a kan tef ta bazu a ƙarshen shekarun 1940, sai da aka ware mutum na musamman da zai kwashe ta zuwa faifan garmaho, domin idan sauti mai kauri ya yi yawa allura takan tsallake layinta. Garmaho ya ja baya, amma babban amfanin mutumin bai gushe ba: shi ne kunne na biyu, wanda bai kwana yana sauraron waƙar ba, saboda haka yana jin aibin da mai haɗawa ya saba da shi har ya daina ji.

Abin takaici a yau shi ne yadda wannan iyaka ke shafewa. Mai haɗawa, don ya burge mawaƙin da ke son jin waƙarsa tana tsawa, yakan ɗora mata limita, wato na'urar da ke danne ƙololuwar sauti domin a iya ɗaga sauran, ya matse ta har ba a bar wa mai tacewa wurin motsi ba. Kundin Death Magnetic na ƙungiyar Metallica ta Amurka, wanda ya fito a 2008, ya zama abin misali: masu sauraro sun koka da yadda sautinsa ke fashewa, kuma Ted Jensen, wanda ya yi masa tacewar ƙarshe, ya bayyana cewa a matse waƙoƙin suka iso hannunsa. Wannan tseren ɗaga ƙara ma ya rasa ribarsa, domin dandalin sauraron waƙoƙi na Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi a kusan -14 a ma'aunin LUFS, wanda ke auna ƙara yadda kunnen mutum ke jin ta, ta yadda waƙar da aka matse za a sauke ta ne kawai, ta fito ba numfashi.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, wato a bar gyara da sunan cewa za a yi shi a mastarin. Idan ganga ta binne murya, mai tacewa ba zai iya tono muryar ba tare da ya ɗago duk abin da ke kusa da ita ba, kamar yadda ba a tsame gishiri daga miyar da aka riga aka kaɗa. Haƙƙinsa a nan shi ne ya mayar da aikin ga mai haɗawa, kuma wannan ne abin da manhajojin tacewa masu aiki da kansu, irin LANDR da ta fito a 2014, ba za su yi ba. Duk abin da aka miƙa musu za su goge shi su dawo da shi.

A ƙananan situdiyoyin Kano da Kaduna, inda matashi ɗaya da kwamfutarsa ke tsara kiɗa, ya ɗauki murya, ya haɗa, ya tace, ba adalci ba ne a zarge shi da abin da ƙarancin kuɗi ya tilasta masa. Amma ko a hannu ɗaya ana iya raba aikin biyu. Ya kammala haɗin ba tare da limita ba, ya bar sarari na kusan desibel 6 a saman ƙololuwar sautin, ya ajiye waƙar ta kwana, sannan ya saurare ta a waya da cikin mota kafin ya tace ta. Mawaƙa kuma su daina auna gwanintar mai haɗawa da ƙarar da ya miƙo musu, su ba shi wannan kwana ɗayan.