KUƊIN GORO A AKWATIN TALABIJIN: TARKEN HOTON ƘABILU CIKIN TALLACE-TALLACE

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Jambutu ko Luggere bayan sallar isha'i, ya san irin taron da akwatin talabijin kan haɗa a Jimeta. A benci ɗaya za a tarar da Bafillatani, da ɗan Bachama daga Numan, da ɗan Higi daga Michika, da Bakano ɗan tireda, da Ibo mai sayar da kayan gyaran mota. Idan aka katse labarai aka sako talla, sau da yawa wasu kan fashe da dariya, wani kuma ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi. Wannan maƙala ta taso ne daga shirun wancan mutum. Manufarmu ita ce mu feɗe yadda tallace-tallacen talabijin ke zana ƙabilu da launin fata, mu kuma auna abin da zanen ke haifarwa a wuri irin Adamawa.

Talla a Matsayin Wasan Kwaikwayo

Wani zai iya tambaya, me ya haɗa mujallar adabi da tallar sabulu? Amsarmu ita ce, tallar talabijin ɗan guntun wasan kwaikwayo ce. Tana da jigo da taurari da zubi da salo, sai dai duk a ƙunshe suke cikin daƙiƙa 30 ko 60. Marubucin wasa yana da sararin da zai gina tauraronsa sannu a hankali. Marubucin talla kuwa ba shi da wannan sarari, don haka yakan nemi gajeriyar hanya: hula, ko sanda, ko karin harshe, wanda da an gani an gane. A nan ne kuɗin goro ke samun ƙofa, wato a ɗauki hali ɗaya a yafa wa al'umma sukutum.

Dole kuma mu san inda ake saƙa waɗannan wasanni. Kamfanin talla na farko a ƙasar nan shi ne West African Publicity na 1928, wanda ya rikiɗe ya zama Lintas, kuma tun daga lokacin Legas ce cibiyar sana'ar. Talabijin ya fara a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962, aka kafa hukumar NTA a 1977. Yola ta sami tashar NTA, da ta jiha wadda a yau ake kira ATV, daga baya kuma Gotel ta 'yan kasuwa ta biyo. Amma manyan tallace-tallacen sabulu da madara da bankuna da wayar salula, akasarinsu daga Legas suke zuwa a shirye. Ke nan mai kallo a Jimeta yana ganin kansa ne ta idon wanda bai taɓa tsallaka gadar Binuwai ba.

Ƙafa Uku Kamar Murhu

A 1991, shekarar da aka raba Gongola aka fitar da Adamawa da Taraba, Babban Bankin Nijeriya ya fito da takardar naira 50, wadda jama'a suka laƙaba wa suna Wazobiya. Kalmar haɗin gambiza ce ta "zo" a harsunan Yarbanci da Hausa da Ibo. Wannan shi ne ma'aunin da masu talla suka riƙe. Idan ana son a nuna cewa haja ta kowa ce, sai a jero mutum uku: mai agbada, da mai jar hula, da mai babbar riga. Da haka an gama da Nijeriya.

To, ina Adamawa a wannan murhu? Jiha ce mai ƙananan hukumomi 21 da harsuna fiye da 50. Akwai Chamba a Ganye, da Kilba a Hong, da Lunguda a Guyuk, da Gude a Mubi, da Margi, da Vere, da Yungur, da Mbula. Duk waɗannan, a idon tallar Wazobiya, an cusa su cikin babbar riga guda an kira su Hausawa. Yaron Lunguda zai girma bai taɓa ganin wanda ya yi kama da kakansa yana riƙe da littafin banki a talabijin ba. Idan kuwa aka tuna da irin waɗannan ƙabilu, to, a fagen rawa ne, da fatu da gashin tsuntsu. Ba mu manta da 1986 ba, lokacin da 'yan jarida suka yi wa Komawa na duwatsun Alantika caa, ana yayata cewa an gano su, sai ka ce kafin zuwan kyamara ba su da maƙwabta ko kasuwa.

Maigadi da Ɗan Fulani

Shi ma mai babbar rigar bai tsira ba. Tauraron Arewa da aka fi sani a wasanni da tallace-tallacen Kudu shi ne wanda suke kira Aboki ko Malam: maigadi ne, ko mai tsire, ko ɗan canji, da 'yar rediyo a kunne. Turancinsa kullum a karye, yana musanya harafin "f" da "p", kuma abin dariyar ke nan. Ba mu ce gadi ko tsire abin kunya ba ne, sana'a sa'a. Illar ita ce a ce wannan kaɗai ce rigar da aka ɗinka wa yanki guda. Likita da injiniya da manajan banki a talla, da wuya ka ji su da karin harshen Arewa.

Sai dai kada mu yi tuya mu manta da albasa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da Legas ke yi mana, shi muke yi wa maƙwabtanmu a wasannin Hausa, daga can kuma ya malalo cikin tallace-tallacen gida, musamman na maganin gargajiya da na kayan masarufi. Ɗan Fulaninmu kullum baƙauye ne, da sanda a wuya da malfa, ya shigo birni yana tsoron lantarki. Bagwarinmu wawa ne, Ibonmu kuwa mayen kuɗi mai karya Hausa. Har Hausar Adamawa, wadda ba ta cika bambanta namiji da mace ba, ta zama kayan ban dariya, alhali ita ce igiyar da ta ɗaure masu harsuna barkatai a babbar kasuwar Jimeta.

Abin mamaki, ana nuna wannan Ɗan Fulani a garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841. Kalmar modibbo a Fulatanci malami take nufi, kuma jami'ar tarayya da ke nan sunansa take ɗauke da shi. A 'yan shekarun nan ma hoton ya ƙara muni, domin kafofin labarai sun sauya wa makiyayi sanda da bindiga. Mutumin da aka saba nunawa dolo a talla, kuma mugu a labarai, yaushe za a gan shi mutum?

Fari da Baƙi

Akwai wani kuɗin goron da ya girmi duk waɗannan, shi ne na launin fata. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 sabulun Pears na Ingila ya yi talla da hoton yaro baƙar fata da aka yi wa wanka ya fito fari. Mutum zai zaci wannan ya zama tarihi. Amma a Oktoba 2017 kamfanin Dove ya nemi afuwa saboda wata talla da ya sa a Facebook, inda baƙar mace ta tuɓe riga sai ga Baturiya. A wannan shekarar ce Nivea ya sha suka kan tallar wani man shafawa da aka nuna a Nijeriya da Gana da Kamaru da Senegal, inda fatar tsohuwar sarauniyar kyau Omowunmi Akinnifesi ke washewa tana shafa man. A 2020 Unilever ya sauya wa man Fair & Lovely suna zuwa Glow & Lovely.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da mayukan bilicin, kuma wasu daga cikin mayukan na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Masu talla ba su ƙirƙiro son farar fata a cikinmu ba, sun tarar da shi ne a waƙoƙinmu da littattafanmu na soyayya, inda tauraruwa kusan kullum fara ce, doguwa, mai dogon hanci. Su dai sun mayar da shi jari. A jihar da tarihi ya riga ya jingina fari da sarauta, baƙi kuma da talakanci, irin wannan talla fami take yi.

A 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, wadda ta gaji APCON ta 1988, ta hana amfani da baƙi 'yan ƙasar waje a talla, fuska ko murya, daga 1 ga Oktoba. Mataki ne mai kyau, amma rabin magani ne. An kori Baturiya, ba a kori ma'aunin da ya kawo ta ba.

Ai Wasa Ne

Hujjar da masu kare waɗannan tallace-tallace kan kawo ita ce, ai raha ce, kuma mu mutane ne masu wasan barkwanci. Gaskiya ne akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, da Fulani da Tibi, da Kanawa da Zagezagi, da Gobirawa da Yarbawa. Amma wasan taubashi yana da sharuɗɗa. Ido da ido ake yin sa, wanda aka tsokana yana da damar ramawa nan take, kuma tushensa zumunci ne da kowa ya yarda da shi. Tallar talabijin ba ta cika ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Bakinta ɗaya, ba ta da kunne. Takan maimaita zolayarta sau goma a dare, a gaban yaran da ba su san asalin wasan ba, kuma ribar dariyar tana tafiya aljihun wani ne. Wasan da ba a ramawa ya tashi daga wasa, ya koma gori.

Mu a nan mun san kuɗin gori. Jimeta ta ga tarzomar Maitatsine a 1984, ƙasar Numan ta ga zubar da jini tsakanin manoma da makiyayi a ƙarshen 2017. Ba mu ce talla ce ta haddasa waɗannan ba, dalilansu sun fi haka zurfi. Abin da muke cewa shi ne, kafin mutum ya ɗaga wa maƙwabcinsa hannu, sai ya fara daina ganinsa a matsayin Buba ko Pwajok ko Audu, ya koma ganinsa a matsayin "su". Duk abin da ke koya wa ido wannan gani, ko da cikin raha ne, yana da nasa kason.

Kammalawa

Ba muna kira a cire hula da sanda da ƙwarya daga talabijin ba ne, domin kayanmu ne, muna alfahari da su. Kiranmu shi ne a bar wanda ke sanye da su ya zama mutum mai tunani da buri. A nuna makiyayi yana lissafin kuɗin allurar shanunsa, a nuna 'yar Bachama likita, a sa ɗan Chamba ya yi bayanin taki da harshensa ba tare da an mayar da shi abin dariya ba. Tashoshinmu na Yola suna da ikon tace abin da suke karɓa, musamman tallace-tallacen da ake shiryawa a gida.

Babban nauyin kuwa yana wuyanmu, mu ɗalibai da malaman harshe da adabi, domin daga cikinmu ake ɗaukar masu fassara talla da masu rubuta ta da masu ɗora mata murya. Duk ranar da aka miƙo wa ɗayanmu takarda aka ce ya sa Ɗan Fulani ya ji tsoron fanka, ya kamata ya tuna da mutumin nan na teburin mai shayi, ya tambayi kansa ko zai iya karanta wannan rubutu a gabansa.