Gwanintar zaƙulo magani daga ganye

Ganye guda kan ƙunshi ɗaruruwan sinadarai, amma sau da yawa ɗaya ne tak a cikinsu ke kashe cuta. Zaƙulo wannan ɗayan ba tare da an lalata shi ba gwaninta ce ta musamman, kuma aikin Tu Youyou, masaniyar magunguna ta ƙasar Sin, shi ya fi nuna darajarta.

A 1969 aka ɗora mata jagorancin wata tawaga da ke neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Suka tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000, har hankalinsu ya tsaya kan cinhao, wani tsiro dangin tazargade. Sai dai gwajin ya ƙi tsayuwa: yau ya yi wa ɓerayen gwaji aiki, gobe ya gaza.

Nan ne basirarta ta fito. A littafin Ge Hong, wani mai magani na ƙarni na 4, ta lura cewa jiƙa ganyen ake yi a matse, ba a dafawa. Ta zargi wuta da kashe ƙarfin maganin. Sai ta koma tatsar ganyen da sinadarin eta, wanda ke tafasa a digiri 35 kacal.

Sauran aikin kamar shiƙar hatsi ne. A busar da ganye, a niƙe, a jiƙa, a tace, a bar etan ya tashi. Abin da ya rage a raba shi kashi-kashi, a gwada kowane kashi a kan ɓeraye masu cutar, a bi wanda ya yi aiki. Ta haka ta ware wani ɓangare mai guba ta cire shi. A Oktoban 1971, samfuri na 191 ya share ƙwayoyin cutar kaf daga jinin ɓerayen. A 1972 ita da abokan aikinta suka sha samfurin da kansu kafin a bai wa majinyata, kuma a shekarar suka fitar da tsantsar sinadarin, wato atemisinin. Ta samu lambar yabo ta Nobel a 2015.

Amfanin tsantsa shi ne a san awo. Ƙarfin jiƙo yakan bambanta daga ganye zuwa ganye, kuma maganin da bai kai ba kan koya wa cuta turjiya. Shi ya sa ake haɗa atemisinin da wani magani a ƙwayoyin da asibitocinmu ke bai wa masu zazzaɓin cizon sauro. Wannan haƙurin gwaji da awo tsirranmu na gida suke buƙata.